Tarihin Sabo Da Makomar Harshenmu: Darasi Daga Sabiyawa

 Muna so a wannan fitowa mu ɗan waiwayi baya, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A shekarar 1916 aka yanka wa kakanninmu wannan fili da muke zaune a kai, watau yau Sabo ta haura shekara ɗari a garin Badun. Abubuwa uku ne suka riƙe unguwar nan tsawon wannan zamani: fatauci, addini da kuma harshe. Fatauci yana da masu tsaronsa, don kowa na son abin sa wa a bakin salati. Addini ma yana da malamansa da masallatansa, alhamdu lillahi. To, harshen fa, wa aka damƙa wa amanarsa? Wannan ita ce tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Za mu bi tarihinmu daki-daki, sa'an nan mu leƙa wata al'umma ta ƙasar Turai da ake kira Sabiyawa, domin su ma fatakensu sun yi zaman baƙunci irin namu, kuma an ga inda nasu zaman ya ƙare.

Kafin A Yi Sabo

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, Badun kanta garin baƙi ce. Wajen shekarar 1829 mayaƙa daga Oyo da Ife da Ijebu suka mai da wurin sansaninsu bayan yaƙe-yaƙen da suka watsa ƙasar Yarbawa, daga nan ya bunƙasa ya zama birni. Hulɗar Hausawa da Yarbawa kuwa ta girmi Badun nesa ba kusa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci ƙasar Yarba a cikin Infaƙul Maisuri tun farkon ƙarni na 19, kuma fatakenmu suna ratsa ƙasar Oyo da jakuna tun kafin haka.

Hausawan farko da suka zauna Badun a cikin gari suka sauka, wajen kasuwar Oja'ba, a gidajen manyan Yarbawa. A shekarar 1893 Badun ta sa hannu a yarjejeniya da Turawan Ingila, aka turo mata Kyaftin Bawa a matsayin Razdan, wanda har yau hasumiyar tunawa da shi ke tsaye a kan dutsen Oke Are. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Daga nan fa sai ƙofa ta buɗe. Tafiyar da ake yi wata da watanni a ƙasa ta koma ta 'yan kwanaki, baƙi daga Arewa suka yi ta kwararowa, na kirki da na banza. Masu gari suka fara kuka da sace-sace, ana ɗora laifin a kan baƙi. Manyan Hausawa su ma abin ya dame su, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Aka daidaita a kan a ware wa Hausawa unguwarsu, su zauna ƙarƙashin sarkinsu, shi kuma ya san wanda ya shigo da wanda ya fita, ya amsa wa Bale. A lokacin Bale ake kiran sarkin Badun, sai a 1936 sarautar ta koma Olubadan. Haka aka yi Sabo, daura da Mokola inda Nufawa suka yi nasu mazaunin.

Goro Ya Hau, Shanu Sun Sauko

Da can goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga Gwanja ake ɗauko shi, ta kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau. Da aka fara shuka irin wannan goro a kurmin Yarbawa, wajen Agege da Ota da Shagamu, sai hanyar ta sauya. Shaidar wannan tana nan a bakin maƙwabtanmu, domin har gobe "gbanja" suke kiran goron da muke saye, nasu na gargajiya kuwa, wanda muke ce wa hannun ruwa, "abata" suke ce masa.

Goro ba ya son jira, shanu ma haka. Huhun goro in bai sami kulawa ba, a yi masa sauyin ganye da tsince mai ƙwaro, asara ce. Saniya kuwa in ta daɗe a Kurmi, ƙudan tsando ya sa mata sammore, sai rama. Saboda haka bafatake na bukatar wanda zai sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kayansa bashi. Wannan shi ne aikin mai gida, kuma a kansa aka gina Sabo. Mahautan Yarbawa kan ɗauki shanu bashi, su yanka su sayar, sa'an nan su biya. In mahauci ya gudu, mai gida ke biyan mai shanu daga aljihunsa. Babu banki, babu lauya, babu takardar kotu. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da iyayenmu a 1962 da 1963, ya lissafa cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 kowace shekara a zangon Badun, alhali mutanen Sabo duka ba su fi dubu huɗu da 'yan kai ba.

Mai karatu, ka tsaya ka yi tunani a nan. Me ya sa mutumin Katsina zai miƙa wa wanda bai taɓa gani ba garken shanu sukutum, ya koma ɗaki ya yi barci? Dalili shi ne harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, kuma in an ci amana labari zai riga maciyin amanar isa gida. Wasiƙar ajami da ake ba direba ko yaron jirgi ita ce wayar wancan zamani. Ashe Hausa a Sabo jari ce, da ita aka ci kasuwa.

Wane Ne Bahaushe A Sabo?

In za mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa cikin gidajen Sabo in aka bi salsalarsu za a tarar da Babarbare, ko Bafillace, ko Buzu, ko Banufe, ko mutumin Damagaram da Maraɗi. Ba wanda aka auna jininsa a bakin unguwa. Abin da ake dubawa shi ne, yana jin Hausa kamar a bakin uwa, yana salla, yana iya faɗin garinsu a Arewa, yana kuma bin tsarin unguwa. Wanda ya cika waɗannan, in ya yi haƙuri, sai a ba shi mata, 'ya'yansa su tashi Hausawa ba wata tantama. Kenan harshe shi ne ƙofar shiga. In ƙofar ta ruɓe, ta ina na baya za su shigo?

Zaman tare kuma ya sa mun ba maƙwabta, su ma sun ba mu. Bayarabe na cewa alubosa da wahala da alafia da suya. Mu kuma ashana da agogo da akwati da gwanjo da alabo da agushi duk daga bakinsu muka karɓa, har mutumin Daura na faɗinsu bai san daga inda suka fito ba. Aron kalma ba ya kashe harshe, kamar yadda gishiri ba ya kashe miya in bai yi yawa ba.

Shekarar 1952

Muddin Turawa na mulki ta hannun sarakuna, Sarkin Hausawa yana da madogara a hukumance. Amma da siyasar jam'iyyu ta kunno kai a farkon shekarun 1950, aka fara sauya tsarin En'e a Jihar Yamma, sai wannan madogara ta fara girgiza. Jam'iyyar AG ta Cif Awolowo da NCNC, wadda Adegoke Adelabu ke ja a Badun, kowace na zawarcin ƙuri'ar Sabo, mutanen unguwa suka fara rarrabuwa. Ga kuma 'yan kasuwar Yarbawa da ke ganin lokaci ya yi da za su karɓi cinikin goro da na shanu.

A daidai wannan lokaci ne ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta game Arewa daga Kano, ta biyo hanyar fatake ta iso Sabo. Cikin 1951 da 1952 akasarin mazan unguwa suka karɓi wuridi, zaman wazifa da yamma ya riƙa haɗa mai gida da yaronsa a kan tabarma ɗaya. A 1952 mutanen Sabo suka daina tafiya babban masallacin cikin gari, suka tsai da Juma'arsu a unguwa, abin da bai yi wa manyan gari daɗi ba ko kaɗan. Yau a cikinmu akwai ɗan ɗariƙa, akwai ɗan Izala, kowa da fahimtarsa a kan wannan al'amari, kuma ba mu zo raba gardama ba. Abin lura kawai shi ne, da katangar Turawa ta faɗi, iyayenmu ba su zauna suna kuka ba, sun nemi wata igiya sun ɗaure kansu da ita.

Su Wane Ne Sabiyawa?

Yanzu bari mu tsallaka teku. Wanda ya saurari rediyo a shekarun 1990 ba zai manta da sunan Sabiyawa ba, saboda yaƙin Bosniya. Amma tarihinsu ya fi wannan yaƙi tsawo. Suna zaune ne a kudu maso gabashin Turai, yankin da ake kira Balkan, inda kakanninsu suka sauka a ƙarni na 6 da na 7. Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks, kuma tun 1219 suka sami cocinsu mai cin gashin kansa ta hannun wani ɗan sarkinsu da ya zama malamin addini, sunansa Saba. A 1389 suka gwabza da Turkawa a filin Kosobo, inda sarkinsu Lazar da Sarkin Turkawa Murad duka suka rasa rayukansu. Zuwa 1459 ƙasarsu ta koma hannun daular Turkawa, ta kuma daɗe a hannunsu ɗaruruwan shekaru.

A 1690, ana tsakiyar wani yaƙi tsakanin Turkawa da Ostiriya, shugaban cocinsu Arseniye na Uku ya ja dubban iyalai suka yi ƙaura zuwa arewa, suka shiga ƙasar Hangari. Sarkin Ostiriya Liyofol na Ɗaya ya ba su takardar izini su riƙe addininsu, su zauna ƙarƙashin shugabanninsu. Wasunsu suka sauka wani ƙaramin gari a bakin kogin Danub mai suna Sentandireya, kimanin kilomita 20 arewa da Budafes. Suka kama fatauci da sana'ar fata, suka yi arziki, suka gina coci-coci masu dogayen hasumiyoyi. Jama'a, wannan ba Sabo ba ce a wata riga? Baƙi, da sarkinsu, da wurin ibadarsu, da kasuwarsu, da takardar hukuma.

To, yau wanda ya je garin zai tarar da gine-ginen suna nan tsaf, har da gidan tarihi, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto. Sabiyawan da suka rage kuwa 'yan ƙalilan ne. Wasu sun koma ƙasar kakanninsu, wasu sun watsu birane, wasu jikokinsu sun narke cikin masu gari, harshen Hangari kaɗai suke ji. Ba wanda ya kore su da bindiga. A hankali abin ya tafi, gida bayan gida.

Fataken Da Suka Kafa Ƙungiya

Amma akwai wani ɓangaren labarin mai daɗin ji. A 1826, a birnin Fes, wanda yau ɓangare ne na Budafes, wasu 'yan kasuwar Sabiyawa tare da wani lauya mai suna Yoban Hajic suka haɗa kuɗi suka kafa ƙungiya mai suna Matica Srpska, don buga littattafai da harshensu. Suka ɗauki nauyin wata mujalla da aka fara a 1824, wadda har yau ba ta daina fitowa ba. A 1864 ƙungiyar ta koma birnin Nobi Sad, kuma tana nan tana aiki. A lura, mazauna waje ne suka yi wannan, kuma masu ciniki irinmu.

A wannan zamani ne kuma aka yi wani mutum mai suna Buk Karajic, ɗan ƙauye, wanda aka haifa a 1787, ya yi yawancin aikinsa yana baƙunci a Biyana. Kafin shi, malamansu da wani tsohon harshen coci gauraye da na Rasha suke rubutu, talaka ba ya ganewa. Shi kuwa ya ce a rubuta yadda ake magana a gona da kasuwa. Ya bi tsofaffi yana rubuta waƙoƙinsu da tatsuniyoyinsu da karin maganarsu. A 1818 ya fitar da ƙamus mai kalmomi sama da 26,000, ya kuma gyara baƙaƙen rubutunsu suka zama 30, kowane sauti da harafinsa. Manyan coci suka yi masa ca, har aka hana amfani da tsarinsa a ƙasar Sabiya. Ya rasu a 1864, sai a 1868 hukuma ta amince da shi gaba ɗaya. Yau Basabiye da rubutu iri biyu yake karatu, na gargajiyarsu mai kama da na Rasha da kuma na boko, kuma yaro na koyon duka biyun a makaranta.

Mu ma Allah ya ba mu biyu, ajami da boko. Muna da ƙamus ɗin Bargery tun 1934, an fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ga littattafan Alhaji Abubakar Imam. Sai dai duk wannan a Arewa aka yi. A nan Sabo yaro na karanta Larabci a allo, Turanci da Yarbanci a makarantar gwamnati, Hausa kuwa sai a baki. Ka ba shi wasiƙar kakansa ta ajami, sai ya juya ta sama da ƙasa. Ka ba shi jaridar Hausa, sai ya yi ta tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ. In ya je Kano a ce masa Bayarabe, in ya nemi takardar shaidar ɗan ƙasa a nan a ce ya tafi jiharsu, jihar da wataƙila ko kakansa bai taɓa kwana a cikinta ba. Yaron da ke tsakiyar nan, in ba shi da harshe mai ƙarfi da tarihin da zai dafa, ina zai sa kansa?

Inda Tarihi Ya Zama Wuta

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen, don kada a ɗauki rabin darasi. Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya suna jin maganar juna sarai ba tafinta. Addini da tarihi ne suka bambanta su: waɗannan Otodoks, waɗancan Katolika, na uku Musulmi, waɗanda ma a da suke rubuta harshen da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu. Sun zauna ƙasa ɗaya, Yugosilabiya, sun yi auratayya. A 1989, da yaƙin Kosobo ya cika shekara 600, shugaban Sabiya Milosebic ya tara ɗimbin jama'a a filin, aka tono tsohon miki. Bayan 'yan shekaru ƙasar ta wargaje. Yaƙin Bosniya daga 1992 zuwa 1995 ya ci rayuka kimanin 100,000, kuma a watan Yulin 1995 aka kashe Musulmi maza da samari kusan 8,000 a garin Sirebirenika. Allah ya jiƙansu.

Mu ma mun ga irin hayaƙin nan kusa da gida. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a watan Yulin 1999, da ramuwar da ta biyo baya a Kano. Mun ga kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, inda cacar baki a bakin shago ta zama asarar rayuka da ƙone-ƙone, har Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnoni daga Arewa suka zo jaje. Saboda haka tarihin da za mu koya wa yara ya zama cikakke. A gaya musu wahalar da aka sha, a kuma gaya musu wa ya sauki kakanninsu a Oja'ba, wa ya ba da filin Sabo, da kuma mahautan da suka yi shekara da shekaru suna biyan bashin shanu ba tare da an kai su ƙara ba. Yaro ya iya Yarbanci sosai, ya gai da dattijon masu gari yadda suke so a gaishe su. Wannan ba ya rage masa Hausa, zama da maƙwabci lafiya ma ai umarnin addini ne.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Cinikin da ya haifi Sabo ya sauya. Tirela ta karɓe aikin jirgi, wayar hannu ta rage wa mai gida fada, kara ta bar tsakiyar gari, kayan gwari sun koma Sasa da Bodija, Sabo kuma yau an fi saninta da 'yan canji da tsire da ɗinkin hula da manyan riguna. Igiyar da goro da shanu suka ɗaure mu da ita ta yi sako-sako, don haka harshe ba zai ci gaba da riƙe kansa da kansa kamar da ba.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya guda uku ce, kuma babu wadda ta fi ƙarfinmu. Ta farko, makarantunmu na Islamiyya su ware ko da awa ɗaya a mako don koyar da karatu da rubutun Hausa, ajami da boko duka. Ta biyu, a zaɓi matasa masu natsuwa su bi dattawan da suka rage, maza da mata, su ɗauki maganarsu a waya: daga wane gari kakanninsu suka zo, a gidan wa suka sauka, wace sana'a suka kama. A kuma nemi tsofaffin wasiƙu da takardun ciniki da ke ƙasan adaka kafin gara ta riga mu. Ta uku, littafin da Cohen ya rubuta a kanmu ya fito tun 1969 da Turanci, mafi yawanmu ba mu san abin da ke cikinsa ba. A sa masu iliminmu su karanta mana shi da Hausa, mu ji inda ya yi daidai da inda dattawanmu za su gyara masa, sa'an nan mu rubuta namu da hannunmu.

Masu kuɗin cikinmu kuma mu tuna, fataken Sabiyawa kaɗan ne suka zauna a 1826 suka haɗa abin da ya sawwaƙa, ga shi aikinsu ya kai wajen shekara ɗari biyu. Kuɗin da muke kashewa a bikin aure ɗaya ya isa ya biya malamin Hausa na shekara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan wuri, ya gafarta musu. Allah ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwanninmu, amin. Wassalam.